Laraba a Can, Alhamis a Nan

Auta tana tauna bakin biro sai Dogo, abokin aikinta, ya gangaro da kujerarsa kusa da teburinta.

"Zo ki ga aljani a manhajarki," ya ce yana dariya. "Na mayar da agogon wayata na wata ƙasa can yamma, na zaɓi Laraba a kalanda. Duba abin da ta ajiye."

Ta duba. Alhamis.

Ita ta rubuta wannan ɓangaren da hannunta. Majinyaci ya zaɓi ranar da za a yi masa tiyata, manhajar kuma ta gaya masa ranar da zai daina shan maganin tsinka jini. Ta manta cewa rana ɗaya ce a sama, amma kamar mai talla take, gida-gida take bi. Wanda ya taɓa kalandar da yammacin can, nan kwana ya riga ya juya.

"Ke, lafiya? Kamar kin ga gawa."

"Yayana ne ya zaɓa wa Baba rana," ta ce. "Daga can yamman, inda yake zaune."

Yau ce ranar tiyatar. Baba kuwa bin wayar nan yake kamar umarnin alƙali, saboda autarsa ce ta ƙera abin. Ashe ya sha maganin kwana ɗaya fiye da yadda likita ya ce.

Ta kira Baba, a kashe. Ta kira Inna, wayar na ta ringi, ta san tana can ƙasan jaka ƙarƙashin kwanon abinci. Ta fita ba ta ko rufe kwamfuta ba.

A cikin bas wani mutum ya rungume ƙaton agogon bango marar hannuwa, yana shafa shi kamar jariri. Auta ta kau da kai. 

Ta tarar da Inna a kan bencin ƙofar ɗakin tiyata, takalman Baba a cinyarta.

"Yanzun nan suka shiga da shi. Har yana tsokanar nas, wai ta yi masa ɗinki mai kyau, aure zai ƙara. Ke me ya fito da ke daga aiki?"

Auta ta nufi ƙofar ɗakin. Ta tare wata nas da ta fito da tire, ta riƙe mata hannun riga.

"Tsohon da aka shiga da shi, bai daina maganin jini a kan lokaci ba. Ya ƙara kwana ɗaya."

"Amma ya ce mana ya bi ƙa'ida."

"Wayar ya bi. Wayar ce ta yi kuskure."

Nas ɗin ta dire tiren a kan taga ta koma ciki da gudu. Ƙofar ta yi ta kai-kawo har ta tsaya.

Auta ta zauna. Inna ta zura mata ido.

Wata tsohuwa a gefenta ta matso tana murmushi, ta miƙo mata waya.

"'Yata, kwantar da hankalinki, Allah na nan. Ɗan duba mini, idona ba ya gani sosai. Nawa aikin mako mai zuwa ne. Ɗana ne ya saka mini ranar, daga ƙasar waje."

Auta ta karɓi wayar da hannu biyu. Manhajarta ce a buɗe.

"Kaka," ta ce, "wace rana likita ya faɗa miki da bakinsa?"