Shekarar da Wadi Ya Jira

Wadi mai aski ya san Bairut kamar yunwar cikinsa. Duk watan Agusta, in abokansa da suka watse a duniya sun dawo ganin gida, shi ke tsara musu fita: inda za a jiƙa maƙoshi, inda za a ci, inda za a taka. Su fasfo biyu-biyu gare su, shi kuwa garin ne nasa.

Ta bana daban ce, saboda Hiyam.

Shekara talatin da suka wuce ya so ta, ya tsaya nuƙu-nuƙu har wani ya aure ta ya tafi da ita Kanada. Bara mijin ya rasu. Ban da ta'aziyya Wadi bai ce mata uffan ba, domin mace in tana cikin baƙin kayan makoki, shekara guda cur, ɗan mutunci ba ya tunkarar ta da wata magana, ba a kuma kai ta wurin kiɗa. Ya yi ta duban kalandar shago. Shekara za ta cika Alhamis, sai ya sa fitar ranar Juma'a.

Ya tsara komai. Da faɗuwar rana a fara da giyar arak a wata 'yar mashaya da ke saman bene. Daga nan sai gidan abincin Abu Jamil a bakin teku, kifi soyayye, kujerarsa kusa da tata. Sannan rawar dabka, wadda tun suna samari shi ke jan layi yana wulwula hankici. Ya sayi sabo na siliki. In rawa ta yi zafi zai miƙa mata a gaban kowa, sauran magana kuma a bakin ruwa.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗauki tiren alawar baklawa ya nufi gidan yayarta, inda ta sauka. Hiyam ce ta buɗe ƙofa, cikin koriyar riga. Saura kwana guda, in ji Wadi a ransa, amma ya haɗiye.

"Wadi! Kai dai ba ka tsufa, gashin ne kawai ya yi hijira."

"Ya bi ku Kanada," in ji shi.

A baranda ya iske Tanyus, abokinsu mai sayar da motoci a can, ya miƙe ƙafa cikin silifas na gida.

"Ga sarkin tsari! Zo zauna, ɗan tsohuwa. Ina za ka kai mu bana?"

Wadi ya fara zayyanawa. Yana cikin zancen kifi Hiyam ta miƙo masa kofin gahawa, sai ya ga zoben. A hannun dama yake. Na aure a hagu ake sa shi, dama kuwa ta baiko ce, ko yaron goye ya san wannan.

"Tun yaushe?" Abin da ya iya cewa ke nan.

"Watan Fabrairu," in ji Tanyus. "Ka san sanyin can, mutumina, ba ya jiran shekara."

"Baƙin kayan fa?"

"Kwana arba'in na yi na cire," in ji Hiyam. "Wa ke ganina a can? Kai ma ko waya ba ka ƙara bugowa ba, na ce ko ka manta da ni ne."

Wadi ya dubi kofinsa. Gahawar har da sukari, alhali ta gidan makoki ba a sa mata.

"Ranar Juma'a za mu sanar da jama'a," in ji Tanyus. "Ai babu wurin da ya fi wanda ka zaɓa. Kai za ka ja mana layi, kada ka ce gwiwa."

"Gwiwata lafiya lau."

A matakala ya kira Abu Jamil a waya. "A ƙara kek, babba. Baiko za a sanar."

"Allahu Akbar! Ta amince ke nan? Barka, ango!"

"Ta amince. Ni dai ka mayar da kujerata kusa da makaɗa."

Ya koma shago ya iske wani tsoho na jiran gyaran fuska. Ya shafa masa kumfa, ya ja aska, ya laluba aljihu ya goge ta da hankicin siliki.