Ƙafar da Surajo Ya Zuba wa Adda Asta

Duk wanda murfin babur ɗinsa ya fashe a Safana ya san rumfar Surajo mai faiba. Yakan shimfiɗa zaren faiba a kan mazubi, ya shafe shi da ruwan gam, ya naɗe da robar taya ba tare da ya matse sosai ba, ya bar shi ya daskare. Kwamin shayar da shanu ma yana zubawa. Mutum ne mai ji da hannunsa, kuma gaskiya hannun ya kai a ji da shi.

Da rani maciji ya sari yayarsa Asta a Tsaskiya, aka yi sakaci har sai da asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Asta kuwa shekara talatin ita ke bin bayan sungumi a gonarsu, tana jefa gero tana rufe rami da diddige. Ranar da aka sallamo ta, abu ɗaya ta roƙa.

"Surajo, ina so ruwan farko ya same ni a tsaye."

"Zai same ki, Adda, in sha Allahu."

Bai ɓata lokaci ba. A satin ya naɗe dungun da filasta ya ɗauki siffarsa. Ma'aikacin asibiti ya ce a bari kumburi ya saɓe tukuna, amma Surajo hadari yake hange a gabas, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Mako uku yana aiki. Ya jera faiba hawa shida, ya goge, har diddige ya faɗaɗa mata don rufe rami. Ƙafa ta fito sumul, 'yan acaɓa na tsayawa kallo.

Ruwa ya sauka ran Talata, Laraba da hantsi ya kai mata har gona. Asta ta zura dungun, sai ya faɗa ciki kamar muciya a tukunya. Kumburin ya tafi, naman ya tsotse, ƙafar kuwa ta wancan dungun ce na mako uku da suka wuce. Faiba in ta daskare ba ta sake shawara.

Suka cusa tsumma. Ta rufe rami huɗu, a na biyar ta faɗi, tsumman ya jiƙe da jini.

"Zan sake wata, Adda."

"Ka sake, ƙanena. Amma laimar ba za ta jira mu ba."

Ya ɗauki sungumi don kada ta ga idonsa. Da ya kai ƙarshen layi ya waiwayo, sai ya hango ta zaune a gindin kalgo, ta cika ƙafar da irin gero, tana ɗibar wa masu shuka daga ciki.