Dakan Ƙaiƙayi

Shekarar da fara ta sauka a Gazara, ba ta bar wa kowa ko zangarniya ba. Ta yi adalcin da Turawa ke ta alkawari. Sai dai Maiwada bai yarda an yi daidai ba, domin kullum da hantsi yana jin taɓarya tana sauka a gidan Mamuda, maƙwabcinsa, wanda danga kawai ta raba su.

Tun suna samari yake auna kansa da Mamuda. Mamuda ya ɗaga rumbu, shi ma ya ɗaga nasa ya ƙara kamu guda. Saboda haka ya umarci matarsa Rahmatu ta riƙa zuba ƙaiƙayi a turmi tana dakawa, kada a ji gidansu shiru. Tana gamawa sai ta dafa tafasa, su ci, su sha ruwa.

'Yarsu Ummuhani, mai shekara huɗu, ta daina wasa, sannan ta daina kuka. Ƙafafunta suka kumbura. Labari ya zo cewa En'e, wato hukumar gargajiya, ta buɗe rumbun tsimi a Makarfi, ana ba duk wanda ya tsaya a layi. Rahmatu ta roƙe shi ya je. Ya ce ranar da ya ga Mamuda a layi, ranar zai tsaya.

Ta yi mako tana roƙo. Ran nan ta jingine taɓarya ta ce, "Malam, kai namiji ne, ba ka san muryar turmi ba. Abin da nake dakawa shi Uwaliya matar Mamuda take dakawa. Tun watan jiya na sani, ita ma ta sani."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa sau biyu, ya ce baƙin ciki take yi wa mutane.

Washegari ya kama hanya da buhu a naɗe cikin riga. A Makarfi dogari ya gaya masa hatsi ya ƙare tun Talata. A bakin kasuwa ya ci karo da Mamuda, shi ma rigarsa ta yi tudu a ciki. Suka gaisa har da tambayar gajiya da iyali, kowa ya ce lafiya lau. Mamuda ya ce dubiya ya zo. Maiwada ya ce shi ma. Suka jero zuwa gida suna zancen damina.

Ummuhani ta cika kafin la'asar. Maza masu ƙarfi sun tafi cin rani, don haka Maiwada da Mamuda su biyu suka yi haƙan kabarin, suna karɓa-karɓa, ƙasa kuwa ta yi tauri. Da Mamuda ya karɓi fartanya, Maiwada ya ga hannunsa yana rawa, ya dubi nasa, ya ga bai kai na Mamuda rawa ba. Allah ya yafe masa, sai da ya ji sanyi a ransa kafin ya tuna ramin na wane ne.