Ranar da Na Goya Darakta

Daren jiya na yi wani mafarki. Ni ce Tasalla, mai rainon 'ya'yan ma'aikata a gidana, a kawo su da safe a ɗauke su da yamma. Sai ga ni da rana tsaka a ofishin da aka ce gwamnati na ba irinmu tallafi, goye da Sadiƙu, ɗan Malama Bilki mai koyarwa, watansa takwas.

Ofishin ba rufi. Fanka tana juyawa a ƙasa, mutane na tsallake ta. A tebur wani ƙadangare ne da hula, yana ta gyaɗa kai.

"Baiwar Allah, yara nawa kike raino?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Babu su a takarda. Wanda ba ya takarda kuwa, ba a haife shi ba tukuna."

Ya buga hatimi. Nan take bayana ya yi sakayau. Na kwance zani, sai fayil ya faɗo, da ɗuminsa, yana ƙamshin man kaɗanya. Ƙadangaren ya jefa shi a durowa ya kulle. Durowar ta tsandara kuka.

"Innalillahi! Yunwa yake ji, lokacin kununsa ya yi!"

"Ba a ba fayil kunu sai kwamiti ya zauna," in ji shi.

Sai ga ni a tsakar gidana. Wata mota ta shigo ta taga, aka sauke wani ƙaton dattijo mai tumbi, aka ce shi ne Darakta. Bai ko yi sallama ba ya ɗare bayana, ya ja zanin ya ɗaure da kansa.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Ni ne tallafin. Tallafe ni da kyau, ƙuguna na ciwo."

Ƙarfe huɗu Malama Bilki ta shigo, alli duk a hannunta.

"Inna Tasalla, ina ɗana?"

Na juya mata baya. Ta daɗe tana kallon furfurar Darakta, sannan ta ce a hankali, "Shekara nawa na yi a aji?" Ta miƙo hannu za ta karɓe shi.

Na ƙwalla ihu, amma ƙarar injin markaɗe ce ta fito. Na buɗe ido, injin maƙwabta ne. Gari ya waye, ga ni durƙushe a kan katifa, ina jijjiga filo a bayana.