Abin da Kanwa ta Ci

Shekara goma sha ɗaya Bobboi ya yi yana tuƙa Landirobar Alhaji Mudi, attajirin hatsi na Nguru. Tsohuwar mota ce, amma babu rairayin da ya taɓa riƙe ta. Doka ɗaya Alhaji ya kafa masa: kada kanwa ta shiga motar, domin kanwa cin ƙarfe take yi.

Bobboi ya ce to. Amma duk sa'ad da ya kai gero Kumagannam, fayau motar take dawowa, ga kanwa jibge a kasuwa. Ya fara ɗauko buhu biyu a ɓoye. Daga baya ya kai goma.

Rufin motar kuwa yana yoyo ta kusurwar baya. Damina bayan damina ruwa ya riƙa jiƙa buhunan, kanwa ta narke, ta bi ta ƙasa ta sauka kan shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da motar duka take zaune a kansu. Ranar da Bobboi ya fara ganin rami a jikin ƙarfen, yatsunsa uku suka shige. Bai gaya wa kowa ba. Ya kwaɓa siminti ya toshe, ya shafe da baƙin mai. Kafin shekara biyu, wuri bakwai ya toshe haka.

A daminar tamanin da takwas, yoyon ya iso gaba. Ruwa ya ɗiga a kan hular Alhaji.

"Gobe Gashua, wajen Kalli," in ji Alhaji. "Tare za mu."

Bobboi bai ci abin kirki ba ran nan.

Kalli bakanike ne, Babarbare, ya haura sittin. Garejinsa fili ne na rairayi ƙarƙashin dalbejiya. Tun daga nesa ya fara tsokanar Bobboi.

"A'a, bawana ya iso. Ɗan Fulani, har yanzu kana yi wa mota tsawa kamar saniya?"

"Babarbare, wa ya ba bawa izinin magana kafin ubangidansa ya sauka?"

Bakin Bobboi ne ya faɗa, zuciyarsa ba ta wurin.

Kalli ya shiga motar ya rufe ƙofofi. Ya sa Bobboi ya hau sama da bokiti, yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, daga baya zuwa gaba. Ba a daɗe ba ya buga rufin daga ciki.

"Tsaya. Ga ɓarawon. Robar gefen rufi ta mutu, ga ƙusoshi uku sun saki. Ƙaramin aiki ne, Alhaji, kwalta da sabuwar roba."

Da ma a nan ya tsaya. Amma Kalli ba ya barin ruwa sai ya ga inda ya kwana. Ya bi ɗigon har kusurwar baya, ya ɗage tabarma. Ruwan ba ya taruwa, zurarewa yake yi. A bakin wurin akwai wani farin gari da ya daskare. Ya kankaro da farce, ya ɗora a harshe. Ya ɗago ya dubi Bobboi, ya rage murya.

"Ɗan Fulani, miya kake dafawa a nan?"

Bobboi ya waiwaya. Alhaji yana zaune a benci taku biyar daga wurin, yana jan carbi.

Kalli ya leƙa ƙarƙashi. Komai baƙi, sumul. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ƙarar ba ta gamsar da shi ba.

"Zan cire tayar baya in shiga. Gaya mini gaskiya tun ban shiga ba. Ƙarfen nan lafiya?"

Alhaji ya juyo yana saurare.

"Lafiya lau," in ji Bobboi.

Bobboi da kansa ya kafa jak. Ya zaɓi wuri tsakanin siminti da siminti, inda ya san bara ƙarfe ne mai kyau. Bara ke nan. Motar ta ɗagu, aka cire taya, Kalli ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige har ƙugu.

Bobboi ya zuba wa kan jak ɗin ido. Sai ya ga jan gari yana zubowa a hankali, kamar an huda buhun barkono. Ya buɗe baki. Kafin murya ta fito, jak ya huda shasin ya shige ciki. Motar ta faɗo.

Ƙafafun Kalli suka harba sau biyu, suka tsaya.

Alhaji ya yi salati da ƙarfi. Mutane suka sheƙo daga rumfunan kusa. Bobboi ya zube rub-da-ciki ya leƙa. Ƙarfen ya danne ƙirjin Kalli. Bai gama sauka ba, domin karyayyen wurin ya rataye a jikin jak. Idanun tsohon a buɗe suke, bakinsa yana motsi kamar na kifin da aka jefa tudu. Numfashi yana shiga, amma bai fi cikin cokali ba. Jan garin nan kuma bai daina zuba ba, yana sauka a kan rigarsa.

Ibram mai walda, maƙwabcin garejin, ya iso da gudu ɗauke da babban jak na manyan motoci. Ya duba, ya ga wani wuri mai kauri, baƙi, sumul, kamu ɗaya daga kan Kalli. Ya tura jak ɗin ƙarƙashinsa ya fara bugawa.

Bobboi ya san wurin. Shi ne rami mafi girma. Rabin kwanon siminti ya ci. In jak ya taɓa shi, zai farfashe, kuma abin da ya rage na motar a kan fuskar Kalli zai sauka.

Ya riƙe hannun Ibram.

"Ba nan ba."

"Sake ni, mutum yana mutuwa!"

"Siminti ne."

"Me?"

"Siminti ne! Nan, da nan, da can. Ni na sa. Kanwa na yi ta ɗauka, ta cinye ƙarfen. Babu inda jak zai kama a gefen nan."

Ibram ya saki jak ɗin. Bobboi bai dubi Alhaji ba.

"To mu ɗaga da hannu," in ji wani.

"Kada wanda ya taɓa ta. In ta motsa, ta zame," in ji Bobboi.

Abu ɗaya Bobboi ya iya fiye da duk wanda ke tsaye a wurin, shi ne rairayi. Ya sa aka gangaro da guntun giginyar da ake zama a kai, aka cusa shi ƙarƙashin aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, wanda ruwan kanwa bai ci ba. Ya zare ƙaramin shebur ɗinsa na hanya.

"Ba motar za a ɗaga ba. Shi za a saukar."

Ya kwanta kusa da Kalli, kafaɗarsa cikin ƙarƙashin motar, ya fara yashe rairayi daga ƙasan bayan tsohon. Da shebur ya ƙi shiga, ya koma hannu. Ibram ya kwanta ta wajen ƙafafu yana kwashewa. Sama da kunnen Bobboi ƙarfe yana kuka, ƙas, ƙas. Tsatsa ta cika masa ido. Farcensa biyu suka fita, bai ji ba. Abin da yake ji kawai shi ne numfashin nan, yana yankewa, yana dawowa, kuma kowace yankewa ta fi ta baya tsawo.

Sai ya yanke bai dawo ba.

"Kalli. Baba Kalli!"

Ya cusa hannu biyu ya yaso rairayi kamar mahaukaci. Bayan tsohon ya nutsa yatsa biyu, sannan uku. Haske ya bayyana tsakanin ƙirji da ƙarfe.

"Ku ja!"

Mutum huɗu suka kama ƙafafu suka ja. Kalli ya fito, rigarsa ja jawur da tsatsa, bakinsa da jini. Suka kwantar da shi a inuwa. Bobboi ya durƙusa, ya kasa taɓa shi. Ibram ya yayyafa masa ruwa.

Ƙirjin ya ɗaga. Kalli ya ja iska, ya saki wani irin ihu, domin haƙarƙarinsa a karye suke. Bobboi bai taɓa jin sautin da ya fi wannan daɗi ba.

Ana neman motar da za ta kai shi asibiti, sai suka ji ƙara a bayansu. Shasin ya ƙarasa karyewa. Bayan Landirobar ya zauna daram cikin ramin da aka zaro Kalli.