Miya Mai Jan Murfi

Safiyya ta sake ɗaukar wata kwalbar, ta juya ta gaba da baya, ta mayar. Ita ma jan murfi gare ta, ita ma da zanen ganye a jikinta.

"Hajiya, me kike nema ne?" in ji matar da ke jiran kantin.

"Miyar taliya. Mai jan murfi, da ɗan ganye a jiki."

Matar ta nuna mata kantar daga wannan gefe zuwa wancan. "Ai duk ga su nan."

Da a ce don kanta ne, ko kyauta aka ba Safiyya miyar kwalba ba za ta karɓa ba. Duk layinsu a Unguwar Rimi an san hannunta a girki, mace ce da ko tumatirin gwangwani kallon raini take yi masa. Maƙwabciyarta ce ta jawo mata wannan tsayuwa, Hajiya Ummulkhairi, tsohuwar ma'aikaciyar sakatariya da katanga ɗaya ta raba su. Tun da asibiti suka ce a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a, abinci ya daina shiga cikinta. Safiyya ta kai kunu, ta kai fate, ta kai farfesun kaza, duk a rufe suka dawo. Sai da safen nan Hajiya ta kamo hannunta.

"Safiyya, kin san me nake marmari? Taliya, da miyar nan ta kwalba da Khalid ya riƙa zuba min da ya zo hutu."

"Miyar kwalba kuma, Hajiya? Ina raye?"

Hajiya ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ke dai samo min."

Khalid shi ne ɗanta tilo, yana aiki a ƙasar waje. Safiyya ta kira shi daga cikin kantin, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Dole ta yi zaɓin da kanta. Wata kwalbar da hoton nama, ta ajiye, don ba ta san wanda ya yanka ba. Wata rubutunta ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, ta ajiye. Wata kwanan lalacewarta ya kusa. A ƙarshe ta ɗauki wadda ba komai a jikinta sai tumatir da ganye, ta yi bisimilla ta biya.

A kicin ta buɗe, ta lakato da cokali ta ɗanɗana. Fuskarta ta yamutse. Abu lami, ga tsami-tsami, ga ƙanshin wani ganye kamar ɗoɗɗoya, babu yaji, babu ko ɗigon mai a sama. Wannan ai markaɗe ne da ba a soya ba. Ta yaya za ta ɗauki ɗanyen tumatir ta kai wa babbar mace, marar lafiya, gida cike da 'yan dubiya? Gobe a ce daga gidan Safiyya ya fito?

Sai ta yi abin da hannunta ya saba. Ta soya albasa a man gyaɗa, ta jajjaga attaruhu da tafarnuwa, ta juye kwalbar duka, ta marmasa magi, ta tsaya a kai har mai ya taso. Ƙanshi ya cika gidan. Ta dafa taliya, ta zuba su a kula tana jin daɗin kanta.

Goggo Hassana, ƙanwar Hajiya da ke jinyarta, ta tayar da ita ta jingina mata filo. Da kanta Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi cokali, abin da aka daɗe ba a gani ba. Aka buɗe kular. Ta dubi jan man da ke yawo a sama, sannan ta kai loma ɗaya baki. Nan take idanunta suka kawo ruwa. Ta haɗiye da ƙyar.

"Kin gyara ta," in ji ta.

"Ɗan soya ta kawai na yi, Hajiya."

"Ta yi daɗi. Allah ya yi miki albarka."

Ta ajiye cokalin ta koma ta kwanta, ta juya fuska bango.

A baranda Goggo Hassana ta rage murya. "Bakinta duk ya yi gyambo, magungunan nan ne. Ko gishiri zafi yake mata. Shi Khalid ɗumama ta kawai yake yi ya zuba."

"Goggo! Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Wa zai koya miki girki, Safiyya?"

Safiyya ta juya ta fita. Ko gida ba ta koma ba, ta tare Keke a bakin titi don komawa kantin. Ta manta ranar Juma'a ce. Masallata sun tare hanya da sahu, mai Keken ya kashe inji ya ce shi ma salla zai yi. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, ta tarar da kantin a kulle. Ta zauna a dakalin ƙofa tana jin huɗuba daga lasifika, ba abin da za ta iya yi sai jira.

Da aka buɗe, ita ce ta fara shiga, ta sayi wata kwalbar irin ta ɗazu. Ta dawo gida ta dafa taliya har ta yi lugub, ta ɗumama miyar kaɗan. Hannunta ya tafi wajen gishiri da kansa, ta janye shi. Ta zuba a faranti ta fita ko rufewa ba ta yi ba.

Ɗakin Hajiya ya sauya. An kashe fanka. Goggo Hassana na durƙushe a bakin gado, bakinta a kunnen yayarta, tana maimaita mata kalmar shahada a hankali. Idanun Hajiya a buɗe suke, amma ba kowa suke kallo ba.

Safiyya ta durƙusa ta ɗaya gefen, ta matso da farantin kusa da fuskarta.

"Hajiya, ga ta nan. Ban taɓa ta ba. Wallahi ban sa komai ba."

Ba ta san ko ta ji ba. Goggo Hassana ta ɗago ta dube ta, ta girgiza kai, ta koma ga abin da take yi. Safiyya ta tura farantin ƙarƙashin gado, ita ma ta kama salati tana kuka.

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na ta shigowa da kuloli. Da mata suka zo share ɗakin don masu zaman makoki, tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado.

"Wannan abincin wa ye?" wata ta tambaya tana jawo shi.

Safiyya ta miƙa hannu ta karɓa. Taliyar ta sandare, miyar ta bushe a gefe-gefe. Ta koma lungu ta zauna, farantin a cinyarta, ta ja gefen hijabinta ta rufe shi.