Bayani na Bakwai

Karo na uku ke nan biskit yana ƙonewa a kan allon kwamfuta, Injiniya kuwa maimakon ta ji haushi sai ta ƙara jawo kujera. Gwaji ne kawai, tandar zane ce da bel na zane mai jan biskit ta cikin tandar. Tandar gaske tana can ƙasa, ana hangenta ta gilashin ofis, tana ta fitar da biskit ɗinta lafiya lau.

Abin da ake gwadawa wata manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira da masu wannan masana'antar biskit suka sayo, wai ita za ta riƙa rubuta wa na'urar da ke sarrafa injuna umarni. Ma'aikata sun raɗa mata suna Baƙo, sunan kuwa ya zauna daram, don Baƙo bai taɓa jin ƙamshin tanda ba. An ba shi kayan aiki goma sha biyu, wannan na ƙara zafi, wancan na rage gudun bel, kowanne da ɗan bayaninsa a rubuce. Abin da bayanin ya faɗa shi ne iyakar saninsa. Aikin Injiniya yau shi ne ta ba kowane bayani maki, idan duk sun ci ta sa hannu kafin ƙarfe huɗu, gobe a haɗa Baƙo da tandar gaske. Manaja ya riga ya leƙo sau biyu, wai wucewa yake yi.

Goma sha ɗaya sun ci. Na bakwai ne ya ƙi. Duk sanda ta sa biskit ya karkace a kan bel, sai Baƙo ya tsayar da bel cak, wuta tana ci, abin da ke cikin tanda ya zama gawayi. Abin ya ɗaure mata kai, don a sauran gwaje-gwajen Baƙo ya fi wasu masu digiri hankali. Ta rubuta masa tambaya, me ya sa ya yi haka. Ya amsa cikin ladabi cewa bayanin ya ce a tsayar da bel idan an ga matsala, shi kuwa ya ga matsala.

Ta sake karanta bayanin. "Yana tsayar da bel. A yi amfani da shi idan an ga matsala." A idonta babu abin da ya rage. Da lokacin hutun rana ya yi sai ta kira yayarta, wadda ke aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, ba ta san kan injin ba ko na ɗinki. Ta karanta mata, ta tambaye ta ko ta fahimta.

"Wace irin matsala?" in ji Yaya, da abinci a baki. "Ciwon kai matsala ne, suma ma matsala ce. Kafin a tsayar me ake yi? Wa bai kamata ya tsayar ba? Ni idan likita ya aiko min takarda haka, mayar masa nake yi, ko mijina ne."

Injiniya ta yi dariya, ta ce ai kowa ya san sai an kashe wuta tukuna. Yaya ta ce to ita ba kowa ba ce ke nan, ta kashe waya.

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta ɗaure gashinta da hular aiki ta sauka wurin Baba Tanda, dattijon da ya shekara ashirin da shida a gaban wannan injin, wanda zai ajiye aiki ƙarshen wata. Tandar tsohuwa ce, ba ta da abin da ke kashe wuta da kansa idan bel ya tsaya, hannun Baba ne ke yi. Ta tambaye shi yadda yake tsayar da bel. Ya ce maɓalli yake dannawa, me kuma? Ta ce ya nuna mata, ba tare da ya danna ba. Sai ta ga hannun hagunsa ya riga ya tafi wurin makashin wuta, idonsa ya duba agogon zafi, kunnensa ya karkata wajen fanka, sannan babban yatsansa na dama ya je kan jan maɓallin.

"Baba, abu huɗu ka yi."

Ya dubi hannuwansa kamar na aro ne. "Allah? Ni dai ɗaya na sani, 'yata."

Ta hau sama ranta ya ɗan ɓaci, ba da Baba ba, da wanda ya rubuta wannan guntun bayani. Ta ba bayanin maki biyu cikin goma, ta rubuta a gefe cewa marubucin ya ɗauka mai karatu yana cikin kansa. Sannan ta kira wakilin masu manhajar ta wanke shi tas. Mutumin ya saurara har ta gama, ya ce su ba su ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba, daga littafin aikin masana'antar suka kwafo, shafi na talatin da ɗaya.

Littafin yana kan kabad, ƙura ta rufe bangonsa. Ta buɗe shafin, ga jimlolin nan biyu ba ragi ba ƙari. A ƙasa kuma ga sa hannun wanda ya rubuta, da kwanan wata na shekara tara da suka wuce. Nata ne. Kunya ta kama ta ita kaɗai a ofis. Ta tuna ranar sarai, tana sabuwar ɗauka, Baba yana tsaye a kanta yana faɗa tana rubutawa. Bai ambaci wuta ba, ita ma ba ta tambaya ba, don tana kallon hannunsa yana yi.

Ƙarfe huɗu saura kwata Manaja ya shigo, wannan karon bai ce wucewa yake yi ba. Ta miƙa masa takardar babu sa hannu. Ya karanta makin da abin da ta rubuta a gefe, ya yi tsaki, ya ce a gaya masa sunan wanda ya yi wannan aikin banza.

"Yana ƙasan takardar, ranka ya daɗe, wurin da aka ce a sa wanda zai gyara."

Ya duba ya ga sunanta, ya ɗago ya dube ta. Ta ce kwana goma sha tara suka rage wa Baba, kuma tana so ta san sauran abubuwan da hannunsa ke yi bai gaya wa kowa ba. Ta ɗauki littafin da biro da kujerar roba, ta sauka ƙasa.